Fano na Tara

Ƙungiyar da ta kawo fompo mai aiki da hasken rana a ƙauyen nan na karkarar Gidan Sori ta sauke fompon ne kawai ta yi gaba. Ko fano ɗaya ba ta bari ba, wato farantin da ke kama rana ya mai da ita wuta. Sai mutanen gari suka zauna suka yanke magana: duk gidan da ke da fano ya kawo a haɗa. Ruwan sha na kowa ne, amma kwamin dabbobi sai wanda fanonsa ke jan ruwa. Wanda bai kawo ba, ya kora bisashensa rijiyar tudu, wadda ake tafiya tun hantsi a dawo da azahar.

Aikin haɗawa ya faɗa kan Saliha, wadda ta koyo gyaran wuta a Maradi. Ƙanen mahaifinta, Nomau, shi ne shugaban kwamitin rijiya, mutum ne da in ya ce doka, to ko a kan uwarsa doka ce.

Fano tara aka tara mata. Takwas manya ne, kusan kansu ɗaya. Na tara kuwa ɗan ƙarami ne, bai fi faifai biyu ba, gilashinsa ya dushe. Na Gogo Hassana ne, tsohuwar Bafillatana da ke zaune a rugar gefen gari. Ɗanta Dikko ya sayo mata shi a kasuwar Agiye don fitila kafin ya tafi neman aiki arewa, kuma har yau shiru. Ita da kanta ta ɗauko shi a ka, ta haƙura da fitilar saboda ƴan shanunta.

Saliha ta auna su ɗaya bayan ɗaya a tsakar rana. Fompon yana son bolt saba'in, wato ƙarfin turin wuta, da amfer kusan goma, wato yawan wutar da ke gudana. Kowane babban fano yana ba da bolt goma sha takwas da amfer biyar. In ta jera huɗu, kan wannan a wutsiyar wancan, bolt zai taru ya kai saba'in da biyu. In ta yi layi biyu irin haka ta haɗa su kafaɗa da kafaɗa, amfer zai zama goma. Lissafi ya cika cif da takwas.

Ta auna na Gogo, ta sake aunawa, kamar na'urar awon za ta ji tausayi. Amfer biyu.

Ta sami Nomau a inuwar itacen bedi. "Baba, na Gogo ba ya shiga."

"Mi ya hana? Rana ɗaya ta, ba ta zaɓen fano."

"In na sa shi cikin layi, duk wutar layin ta cikinsa za ta bi. Kamar a ce garke duka ya fita ta ƙofar akurki. Layin zai shaƙe, shi kuma ya yi zafi ya ƙone. In na sa shi shi kaɗai a gefe, manyan su fi ƙarfinsa, su tura mashi wuta ta baya."

Nomau ya gyara zama. Ba mugu ba ne, tsoron bakin mutane ne ya yi masa yawa. "To ki hwaɗa mata ta ɗauki abinta. In munka karya doka saboda ita, gobe kowa ya kawo madubin matarsa ya ce fano ne."

"Baba, tsohuwa ta. Shanun nan ba su kai tudu da ƙafarsu a bazara."

"Na sani, ɗiyata. Ke dai yi aikinki."

Ta yi aikinta, har ta ƙara da wanda ba a sa ta ba. Ta ɗaura na Gogo a ƙarshen ƙarfen da ta jera fanonin a kai, ta ƙulle shi da kusa kamar sauran, ta ja wayoyinsa ta cusa cikin akwatin haɗi ta naɗe bakinsu, ba su taɓa komai ba. Da Nomau ya tambaya, ta ce ta samo dabara. Ya gyaɗa kai da sauri, kamar mai gudun a yi masa bayani.

Ranar da ruwa ya zubo, gari ya taru. Saliha ta ja kunnen mata kada wadda ta shanya wanki a kan fano, kuma don su gani da ido, ta cire mayafinta ta rufe ɗaya daga cikin manyan. Nan take kukan fompon ya sauya, ruwan ya ragu ya koma tsiyaya. Ta yaye, ya dawo. Aka yi ta dariya da mamaki. Gogo tana gaba, ta riƙe haɓa tana kallo.

Daga nan kullum da safe sai Gogo ta zo da tsumma ta goge fanonta kafin shanunta su sa baki a kwami. In ta ga Saliha sai ta ce, "Miyetti, ɗiyata, Allah shi biya." Godiyar nan tana ci wa Saliha rai, har ta fara sauya hanya.

Wata safiya ta zo duba akwatin, ta tarar da Gogo tsaye ita kaɗai. Tsohuwar ta lulluɓe ɗan fanon da zanenta ruf, tana kallon bakin fompo. Ruwa na zuba da ƙarfinsa, ko ɗigo bai ragu ba.

"Gogo, ina kwana."

Tsohuwar ba ta amsa gaisuwar ba. "Tsummana ya hwaɗi bisa shi jiya, ruwa bai ce komi ba. Na ce bari in gwada da zane."

"Gogo, ba wanda ya sani. Ki bar shi haka, don Allah."

"Ni na sani." Ta yaye zanen ta ninke. "Ina zuwa nan da kaina a sama, ina cewa Dikko ne ke shayar da shanuna. Ashe sadaka nike sha a ɓoye."

Saliha ta ce za ta je wurin Nomau, za ta roƙi kwamiti, za ta nemo wani fano a Maradi. Gogo ta saurare ta har ta gama.

"Kwance mini abina, ɗiyata."

Saliha ta kwance kusoshin. Da ta jawo wayoyin daga akwati, sai suka fito salin alin da bakinsu a naɗe, fompon bai ko yi tari ba. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Gogo ta yi gammo ta ɗora fanon a ka. Shanunta sun riga sun nufi kwami, sun saba. Ta sha gabansu da sanda ta juya su, wata jar saniya tana ta waiwayen ruwan, har suka ɗauki hanyar tudu.