Wasan da Birchi Ba Ta Buga Ba

Malam Labaran na tsugune yana dirzar kofin da toka da lemun tsami, sai matarsa Larai ta leƙo daga madafa.

"Malam, za ka huda shi fa! Abin da za ka maida wa masu shi."

"Masu shi su wa? Ke dai miƙo mani buhu."

Kofin ƙwallo ne na gasar ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, tun zamanin da Labaran ke horar da 'yan Birchi. Da shan kashi suka fara, har ƙungiyar Ɗantutture ta taɓa zura masu bakwai babu ko ɗaya. Amma da suka miƙe, kai, wa ya isa ya tsaya gabansu? Shekara biyu a jere suna ɗaukar kofin. Ƙa'idar gasar kuwa kowa ya san ta: wanda ya ci sau uku a jere, kofi ya zama nasa har abada.

Shekara ta uku suka sake kaiwa wasan ƙarshe, su da Rawayau. Ana gobe za a buga, sai ga ruwan shuka kamar da bakin ƙwarya. Wane manomi ne zai ga ruwan farko ya tafi wasa? Gari na wayewa 'yan wasan kowane ɓangare suka saɓa sungumi suka nufi gona, alƙalin wasan ma bai tsaya ba. Aka ce sai bayan shuka, aka ce sai an gama noma, aka ce sai kaka. Kafin kaka Alhajin da ya sa kofin ya rasu, magana ta shiririce. Kofi ya zauna a ɗakin Labaran shekara da shekaru, shi ba nasu ba, shi ba na kowa ba. Abin nan yana cin ransa ƙwarai.

Yanzu an ce za a farfaɗo da gasar, an aiko ya kawo kofi. Ya rungume buhun a cinya tun daga Birchi har Dutsin-Ma, kwandasta ya yi ya yi a sa a but ɗin mota, ya ƙi.

Ya tarar da shugaban sabon kwamitin, Alhaji Audi, a shagonsa na hatsi. Shi ne kyaftin ɗin Rawayau a wancan zamanin. Ya yi tumbi, gemu ya yi fari fat. A kan teburinsa ga wani sabon kofi zangarere, sai ƙyalli yake.

"Koci! Ashe kana raye?"

"Da raina, Alhaji. Ga kofi na kawo, amma da sharaɗi. Akwai wasa tsakaninmu da ku. A buga shi tukuna."

Audi ya yi dariya har da buga ƙafa. Da ya ga Labaran ko murmushi bai yi ba, sai ya natsu.

"To, na yarda. Rawayau na da yara. Kawo mani naka sha ɗaya, ran Juma'a a buga."

Labaran ya buɗe baki da ƙarfinsa zai lissafo 'yan wasansa na da. Mas'ud mai tsaron gida, Allah ya jiƙansa. Talha yana Legas yana acaɓa, ko da salla ba ya zuwa. Ummaru, wanda in ya ja ƙwallo sai dai a bi shi da kallo, yau da sanda yake zuwa masallaci. To yaran yanzu fa? Filin da ake atisaye an yanka shi fuloti, an gine. Masu ɗan taɓawa duk sun watse zuwa kulob-kulob na cikin gari, har da ɗansa na cikinsa, Sirajuddeen, da ke buga wa wata unguwa a nan Dutsin-Ma. Ya lissafo huɗu, ya cije a na biyar. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Audi ya sassauta murya. "Koci, tafi da abinka. Ka ga mun sayo sabo, wannan dama don tarihi muka nema. Kuma wallahi da an buga ran nan, da kun cinye mu. Mun bar maku."

Shekara nawa Labaran yana jiran wani ɗan Rawayau ya faɗi haka! Yau ga shi an faɗa, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

"Ba sadaka na zo karɓa ba, Alhaji."

Ya zaro kofin daga buhu, ya shafe shi da hannun rigarsa, ya ajiye kusa da sabon. Audi ya ɗauka yana jujjuyawa. A gindinsa an zana Birchi, an sake zana Birchi, sai kuma wani gurbi fayau.

"To nan fa? Me za mu rubuta?"

Labaran ya riga ya kai bakin ƙofa, yana naɗe buhunsa.

"Kar ku rubuta komi," in ji shi. "Ba a buga ba."