Gonar Baba Ta Fito Ja

Aikin Auta shi ne zama gaban kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, tana haɗa taswirar wuraren da ruwan sama zai iya zaizaye ƙasa a kwarin da aka haife ta. Inda ciyawa da kara suka rufe ƙasa yakan fito kore. Gangaren da ke tsirara kuwa ja yake fitowa, kuma duk gonar da ta yi ja za a hana nomanta, a dasa itatuwa.

Auta ba ta iya riƙe daɗi a ciki ba. Tun farkon aikin ta buga wa mahaifinta waya: "Baba, daga sama za a ɗauki hoton gonakinku!"

Da taswira ta kammala, sai ga gonarsa ja jawur, ita kaɗai a tsakiyar kore. Ta sake lissafi, ta duba tsofaffin hotuna, bara ma kore ce. Oganta ya tsaya a kanta yana jira, dole ta miƙa aikin yadda yake, ta kama hanyar gida.

Ta tarar da gonar fes, ko tsinke babu, kamar tsakar gidan da ake jiran baƙi. An tattara kara da ciyawa an jibge a bakin iyaka. Baba na tsaye yana murmushi.

"Ta fito da kyau? Ni da kaina na share ta tas, har bayana ya riƙe. Na ce ba za a kalli hoto a ofis a ce ke 'yar ƙazamin manomi ce ba."

Garin neman gira ke nan aka rasa ido. Tausayinsa ya kama ta har ta ji hawaye.

"Baba, karan nan shi ne rigar ƙasa. Da ka cire shi, sai aka ga gonar cikin waɗanda ruwa zai cinye. Irinsu ake hana nomawa."

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya rungumi kara ya fara bazawa a kan gangaren. Ta ajiye jakarta ta kama masa.

Ya ɗaga kai ya dubi sama. "To, 'yar nan, yaushe mai ɗaukar hoton zai sake wucewa? Ki ce ya ɗan dakata, na kusa gamawa."

Taswira kuwa tun jiya ta bar hannunta. Ta ƙara ɗebo kara.