Cinyar Ginshiƙi a Ɗakin Sikanin

Tun yana saurayi ake kiransa Ginshiƙi, kuma ba a banza ba. A sito ya ƙare ƙuruciyarsa, yana sauke kaya daga manyan motoci, har ya zama shugaban 'yan dako. Buhun da mutum biyu za su tsaya suna shawara a kansa, shi saɓawa yake yi yana hira. Ko da ya ajiye aiki furfura ta rufe kai, jikin bai zube ba. Ƙirji na nan, cinyoyi na nan, tela har ƙorafi yake yi in zai yanka masa wando.

Shi ya sa ranar da ya kasa tashi daga benci a shagon aski bai gaya wa kowa ba. Ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya sake, ya koma daɓas. Sai da mai askin ya miƙo masa hannu. Mai askin kuwa ba ya ganin abu ya yi shiru, kafin Ginshiƙi ya isa gida labari ya riga shi.

Autarsa, malamar makaranta, ita ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, gobe asibiti za mu."

"Bencin ne ya yi ƙasa da yawa."

"Matattakalar gidan nan ma ƙasa ta yi? Ina jin ka kullum kana hutawa a tsakiya."

Matarsa, 'yar siririyar tsohuwa da iska mai ƙarfi za ta iya ɗagawa, tana ninke wanki ba ta ɗago ba. "Ki bar shi," in ji ta. "Sai ya faɗi a banɗaki tukuna, mu kira maƙwabta su taya mu jan sa."

Wannan maganar ce ta kai shi asibiti, su uku.

Likitar tsofaffi yarinya ce, ba za ta girmi autarsa ba. Ta ba shi wani ƙarfe ya matse da hannu, ya matse har jijiyar wuya ta fito. Ta duba, ta ce "To," irin "to" ɗin da ba ya yi wa mutum daɗi. Ta sa shi ya rungume hannuwa a ƙirji ya tashi daga kujera ba dafawa. Ya tashi sau ɗaya da ƙyar, na biyu kujerar ta riƙe shi.

"Baba, zan so in ga tsokar cinyarka a sikanin."

"Sikanin? Wanda ake yi wa masu ciki?"

"Shi dai. Ba jariri kaɗai yake gani ba."

Na'urar ɗaya ce tak a asibitin, kuma a ɓangaren haihuwa take. Haka aka zaunar da Ginshiƙi a dogon benci tsakanin mata masu juna biyu, kowacce da kati a hannu da robar ruwa. Ya kafe ido a bango, inda aka liƙa hoton uwa tana shayarwa, ya kawar da kai ya koma kallon takalminsa. Wata mai surutu ta dubi tumbinsa, ta dubi nata.

"Baba, wata nawa ne?"

Bencin ya ɗauki dariya. Abin da ya fi ƙona masa rai, har da muryar matarsa a ciki. Layi ya zo kansa, aka shigo da wata a keken marasa lafiya, aka ce ya yi haƙuri. Ya sake zuwa kansa, nas ta ce likitarsa ta fita, a jira ta. Sau biyu yana cewa a tafi gida, amma tashin ma sai an taimaka masa, don haka ya zauna yana huci.

Da aka shiga, wando ya ƙi naɗuwa ya wuce gwiwa. Wannan ya ɗan faranta masa rai. Aka ba shi wani zane ya ɗaura, ya kwanta a gado mai sanyi. Likita ta auna tsakiyar cinyar, ta ɗiga alama da biro, ta matsa wani ruwa mai yauƙi, ta ɗora kan na'urar a hankali. Nan take Ginshiƙi ya ɗaure cinya tamau, don a ga abin da ake kira tsoka.

"Baba, saki jikinka."

"A sake yake."

"Ba a sake yake ba, kana ɓata mini hoton. Ba gasa muke yi ba."

Ya saki. Ta juyo da allon wajensa. Shi dai toka-toka kawai ya gani, kamar talabijin da eriya ta lalace. Ta bi da yatsa tana nuna masa: nan fata, wannan mai kaurin kitse ne, farin layin can ƙasa ƙashi. Tsoka ita ce ta tsakiya.

"Wannan 'yar?"

"Ita ce. Kuma ka ga yadda ta yi fari-fari? Lafiyayyar tsoka duhu take yi a hoto. Farin nan kitse ne ya ratsa ta, kamar naman da mahauci ke cewa ya yi mai. Daga waje cinya ta cika wando, a ciki ma'aikatan sun ragu."

"Na'urarku ta saba da jarirai," in ji shi. "Ba ta san jikin namiji ba. Cinyar nan ta ɗauki abin da motar asibitin nan ba za ta ɗauka ba."

"Ta ɗauka, Baba, ban musa ba. Yaushe rabonka da ɗaukar wani abu?"

Rabonsa da ɗaukar abin da ya fi kofin shayi, tun da 'ya'ya suka ce ya huta, ya sha wahala a rayuwa. Su suka sayo masa kujera mai laushi, su suka hana shi ko ɗaga bokiti. Yanzu ga ɗaya daga cikinsu ta tsaya tana kallonsa da tausayi. Haushi ya sa ya nuna matarsa.

"To a gwada wannan mana. In tawa ta lalace, tata sai a nemo da tocila."

Likita ta dubi ƙofa, ta dubi tsohuwar, ta ce ai dama shekarunta sun kai a duba. Aka ja labule, allon kaɗai yake gani. Tsokar ƙarama ce, amma baƙa wuluk, da 'yan ɗigon fari jefi-jefi, kitsen samanta ɗan siriri.

"Mama, me kike yi haka?"

"Me nake yi kuwa, 'yata? Wanki, shara, kasuwa, hawa bene da ruwa. Da kai wa wani abinci har kujera."

Likita ta danne murmushi. Ta ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma ƙarfen da ya matse da kujerar da ta riƙe shi duk bakinsu ɗaya da hoton. Ginshiƙi ya ce to a rubuta allura a gama. Ta ce babu allura, babu ƙwaya. Tashi da zama daga kujera safe da yamma, tafiya, ƙwai da wake da kifi da madara. Sannan ta buɗe durowa ta miƙo masa wata jar roba mai talewa, ya riƙa ɗaurawa a ƙafar gado yana ja da ƙafa. Bayan 'yan watanni a sake hoto.

Ya riƙe robar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Ni? Roba?"

Suka koma gida. Robar ta yi kwanaki a kan taga. Auta ta yi lallashi, ta yi fushi, ta kira yayanta a waya, shi ma Ginshiƙi ya kashe masa waya. Ƙwan dai yana ci, don ba shi da rigima da ƙwai.

Ran nan da hantsi sababbin maƙwabta suka zo tarewa a saman bene. Samari uku suka maƙale da firji a kwanar matattakala, ba gaba ba baya. Ginshiƙi ya leƙo, ya ga yadda suka riƙe shi, ransa ya ɓaci.

"Kai na ƙasa, durƙusa! Da ƙafa ake ɗauka, ba da baya ba! Ku kwantar da kansa hagu!"

Suka kwantar dama. Firjin ya goge bango, fenti ya zubo. Kafaɗarsa har ƙaiƙayi take yi, ya san daidai inda zai sa ta abin ya wuce. Ya taka matattakala ɗaya, ya ji cinyar tana rawa, ya tsaya riƙe da ƙarfen gefe. Ɗaya daga samarin ya ce, "Baba, matsa kar ya faɗo maka."

Ya koma ɗaki ya turo ƙofa da ƙarfi. Matarsa tana tsakar falo ta ji ana jan gado, ta ji tsaki, ta ji wani abu ya yi tas, sai ashar ƙasa-ƙasa. Ta tura ƙofar. Yana zaune a bakin gado yana murza ƙauri, robar ta suɓuce ta tsula masa.

"Ba haka likita ta ce a ɗaura ba, Malam."

"Na tambaye ki?"

Ta juya za ta fita.

"Ke," in ji shi, bai dube ta ba. "Zo ki ɗaura. Kuma ki rufe ƙofar nan."