Gwaggo Torika da Manhajar Masunta

A ofishinmu na Suva, aikina shi ne in lalata intanet da gangan. Muna haɗa wa masunta manhajar duba farashin kifi, ni kuma nakan rage ƙarfin sabis daga kwamfuta, in ga ko za ta buɗe a ƙauyukan tsibirai.

Wata Talata Gwaggona Torika ta iso daga Kadavu, ta biyo ofis da kwandon rogo. Sakiusa, wanda ya rubuta manhajar, ya miƙa mata waya yana washe baki, ya nuna ni.

"Gwaggo, gwada mana. Litiana ta mayar da sabis ɗin irin na garinku."

Ta latsa, shafi ya buɗe cikin daƙiƙa goma. Ta harare ni.

"Ke 'yar nan, yaushe rabonki da gida? Wannan ai sabis ɗin 'yan gata ne. Rage shi!"

Na rage.

"Ƙara ragewa. Mu fa sai mutum ya hau tankin ruwan coci ya ɗaga hannu sama, kuma iska na kaɗawa ya ɗauke."

Na sa shi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Nan take manhaja ta daskare, ta rufe kanta. Sakiusa ya dafe kai.

"Yawwa," in ji Gwaggo, "yanzu na ji ni a gida."

Sati biyu Sakiusa yana gyara, ko gaisuwata ba ya amsawa. Yanzu manhajar tana nuna farashin jiya ko babu sabis. Matakin gwajinmu mafi muni kuwa, sunan Gwaggo muka raɗa masa.