Kwafi a Cikin Kwafi

Babbar kwamfutar asibitin ta mutu ranar Litinin, ana saura 'yan kwanaki shugaban sashen fayil ya yi ritaya. Shekarunsa na aiki duka a kan suna ɗaya ya gina su: takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Yanzu kuwa tarihin kowane majinyaci yana cikin wani ɗan faifan ajiya mai kamar sabulu, likitoci kuma suna duba mutane da ka.

Asibitin ya sayo sabuwar kwamfuta, aka kira injiniya ta mayar da bayanan. Injiniyar 'yar ƙanwarsa ce, abin da bai rage masa damuwa ba, domin ya san ta tun tana zubar da shayi a kan littattafai.

Ta haɗa faifan, wani koren layi ya soma tafiya a kan allo. Ya yi nisa, har shugaban ya gyara zaman hularsa, sai layin ya tsaya cik.

"Wuri ya ƙare, Kawu," in ji ta.

"Wane wuri? Jiya aka kwance ta daga kwali."

"Cikinta ya cika, kayan kuma ba su gama shiga ba. Asibitin nan gado nawa gare shi da zai tara wannan uban kaya?"

Ta yi ta bincike tana taɓe baki. Can ta jingina da kujera, ta dube shi irin duban da ake wa yaron da aka samu da sukari a aljihu.

"Duk Juma'a in kun ɗauki kwafin ajiya, ina kuke kai shi?"

"Inda ake kai kowace takarda. A ba shi lamba, a shigar da shi rumbun bayanai. Abin da ba a shigar ba, ai babu shi."

"Wato kwafin kowane mako yana ɗauke da na makon jiya, shi ma yana ɗauke da na gabansa."

"Tsari ke nan."

"Kawu, goyo ne a kan goyo. Uwar ta kasa shiga ƙofa."

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ce likita yana tambayar ko akwai maganin da jikin tsohuwar gado na uku ba ya karɓa, domin ita tsohuwar ta ce farin ne, ƙarami. Shugaban ya ce a ba shi ɗan lokaci, cikin muryar da ya saba korar mutane da ita, amma wannan karon muryar ba ta fito daidai ba.

Injiniyar ta ce hanya ɗaya ce ta yau: a dawo da fayilolin majinyata, a bar tsofaffin kwafin a waje. Sayen babban faifai kuwa sai an rubuta, an sa hannu, an jira, kuma shi ya fi kowa sanin tsawon wannan jiran, tun da shi ya tsara shi.

"Ban taɓa yar da takarda ba," ya ce a hankali.

"Ba yarwa za ka yi ba. Suna nan a ɗan faifan. Ba za a gayyace su ba ne kawai."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya tambaye ta wane maɓalli ne, ya ce ta janye hannunta, domin sashen nasa ne har zuwa Juma'a. Ya danna da yatsa ɗaya.

Layin ya sake tashi daga farko. Ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya kai ƙarshe. Shugaban ya nemo fayil ɗin tsohuwar da kansa, ya rubuta sunan maganin a 'yar takarda, ya miƙe.

"Kawu, a waya ma za a iya faɗa wa likitan."

"Na sani," ya ce, ya fita da takardar a hannu.