Injin Zarto a Ƙofar Zaure

La'asar ta yi sakaliya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, injin zarton Gambo kuwa yana tsaye ƙiƙam a tsakiyar lungu.

Gambo kafinta ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. A shekarar da Nasara suke ta tattara kayansu, ya ji wani Nasara a unguwar Zango zai sayar da injin zarto da ake takawa da ƙafa, ya je ya gani. Bai yi gaggawa ba. Ya bi haƙoran da yatsa, ya kasa kunne ya ji kukan gargaren da ke juya zarton, ya ja bel ɗin. Da aka ba shi katakon akwati ya gwada, sai ya ce a'a, wannan ko wuƙar yanka kuɓewa ta raba shi. Sai da ya ɗauko guntun gawo tun daga garin Dogo, inji ya ratsa shi, sannan ya saya.

Komai ya duba, ban da faɗin ƙofar zaurensu.

Masu amalanke sun sauke sun tafi. An gwada ta gaba, an gwada a karkace, teburin ƙarfen ya ƙi shiga. Ƙarfen da ake kwance shi da shi kuwa yana akwatin Nasaran, Nasaran yana cikin kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Kano. In ruwa ya taɓa zarton nan, tsatsa ce, kuma babu wani irinsa duk Damagaram.

Kawu Suma'ila, mai gidan, yana zaune bisa dakali yana jan carbi.

"Kawu, don Allah, gefe guda kawai zan sassaƙe. Bai kai tafin hannu ba."

"Tafin hannun wa? Zauren da kakanka ya gina? Raƙumi da kayansa ya durƙusa a nan, bai ce a fasa masa ba."

"Raƙumi ai yana lanƙwasa wuya, Kawu."

"To koya wa naka."

Gambo ya dafe kai. Iska ta taso. Sai ga Inna Kulu maƙwabciyarsu ta koro awakinta, suka tarar da hanya a toshe, suka tsaya suna kuka.

"Kai Gambo! Wannan kangon ƙarfen fa? Ta sama za mu bi?"

"Inna, yi haƙuri, yanzu za a shigar."

"Tun azahar nake jin yanzu. Wai kai ne mai auna katako!"

Ta ɗaga awakin ɗaya bayan ɗaya tana tsaki, ta tsallakar da su, ta shige.

Ɗigon farko ya faɗo a kan teburin ƙarfen. Gambo ya goge da hannun riga, wani ya faɗo. Ya tuɓe rigar ya shimfiɗa, ba ta rufe ko rabi ba.

"Kawu, ni zan mayar da ginin da hannuna!"

"Bayan damina ma yi magana." Tsohon ya naɗe buzunsa ya yi ciki.

Gambo ya bi shi har tsakar gida yana roƙo, ruwa ya kece.

Inna Kulu ta leƙo tana jan tsohuwar fatar bijimi, tana ƙunƙuni. Ta yafa wa injin, ta danne gefen da turmi, ta koma ta ja ƙyaurenta. Daga cikin gida muryar Gambo na tashi, har yanzu yana batun tafin hannu.