Minti Huɗun Baffa

Wata bakwai Bahijja ta yi tana rainon Dela. Dela ba mutum ba ce, 'yar wasanta ce a gem ɗin matattu da suke bugawa ta waya bayan la'asar, su huɗu: ita daga Kazaure, Nafi'u daga Roni, Musaddiƙ daga Gwiwa, sai Halliru mai sayar da hatsi a Babura. A gem ɗin, wanda matattu suka cinye ya tafi ke nan, shi ma ya koma cikinsu yana yawo.

Wata Talata matattu suka biyo su. Halliru ya riga ta shiga siton da suke fakewa, ya ja ƙofa, ya sa sakata. Dela tana bugun ƙofar aka yayyaga ta.

"Haƙuri, Malama," in ji shi, yana dariya. "Da ni gara ke. Ai wasa ne."

"Wasa ne," ta ce.

Ta buɗe sabuwar 'yar wasa, ba bindiga, ba magani, ko suna ba ta sa mata ba. Sati uku tana ɗaukar musu kaya, tana saurare.

Kullum wajen ƙarfe biyar baffan Halliru yakan biyo ta rumfarsa. Halliru yakan kife wayar a kan buhu ya durƙusa, kuma ba ya kashe murya, duk suna ji. Baffa ba ya gaisuwa a tsaitsaye. Sai ya tambayi gajiya, iyali, kasuwa, sannan shanun ruga ɗaya bayan ɗaya. Ta auna: minti huɗu. Sauran sukan tsare wa Halliru mutuminsa na cikin gem har a gama. Ba wanda ya kafa dokar, haka kawai ake yi.

Ta kuma gano Dela cikin matattu a bayan wani tsohon gidan mai, da jan ɗankwalinta har yanzu. Kullum takan buga gwangwani ta jawo su kusa kaɗan.

Ranar da Nafi'u da Musaddiƙ suka fita neman fetur a gem ɗin, tsaro ya faɗo kanta. Mutumin Halliru yana tsakiyar sito, ɗan wata goma, rataye da babbar bindiga.

"Barka da yamma, Baffa."

Ta ji ƙarar kife waya. Ta zare sakata, ta wurga gwangwanin ciki, ta haye rufi.

"Ya jar saniyar nan, ta haihu?"

"Ta haihu, Baffa."

Dela ce ta fara shiga. Sauran matattun suka biyo ta.

"Me ke gurnani a kan buhun nan?"

"Ba komai, Baffa."

"To bar kallonsa, ni nake magana. Ya maraƙin?"

Bahijja ta gyara zama a kan tabarma, ta kalli abin har ƙarshe. Ba a kai minti uku ba.

Da Baffa ya wuce, Halliru ya ɗaga wayar.

"Wa ya buɗe ƙofar?"

"Ni."

"Wata goma, Malama. Ina gaban Baffa fa."

"Na ji. Ka yi ladabi."

Musaddiƙ ya yi gyaran murya daga Gwiwa.

"Buɗe sabo," ta ce wa Halliru. "Akwai kayan ɗauka."